Layin Likita

Likita ba likita ba ne, gyaran waya yake yi. 'Yan wasan kwamfuta ne suka laƙaba masa sunan, don shi ke jinyar jarumansu na cikin wasan. A shagonsa, ƙarƙashin teburin da yake ɗora kwanon abinci, akwai wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani. Ita ce sabar, wato na'urar da ke ɗauke da wasan, a cikinta jama'a ke haɗuwa su yaƙi dodanni in an tashi aiki.

In jarumin wani ya maƙale a bango, ko takobinsa ya yi ɓatan dabo, Likita ake kira. Sai ya buɗe rumbun bayanai, inda kowane ɗan wasa ke da layinsa, ya gyara. Layi na ɗaya nasa ne, tunda shi ya fara shiga. Jaruminsa kuwa talaka ne tilis, sanda kawai gare shi. Mutumin da zai iya ba kansa fada da danna maɓalli ɗaya, ko allura bai taɓa ƙara wa kansa ba.

Ƙanin matarsa, Dogo, shi ya koya wa aikin, har kalmar sirri ya damƙa masa. Da ciwo ya kwantar da Likita, sai Dogo ya kwafe rumbun kaf, ya buɗe tasa sabar, ya ce wa jama'a Likita ya gaji ya bari. Duk suka bi shi ɗuu, ba wanda ya buga waya ya ji daga bakin mai ita. Abin ya ci Likita a rai, amma ya haɗiye saboda matarsa.

Ba a jima ba sai ga Dogo a gidan Likita da kwamfutarsa, yana sosa ƙeya.

“Yaya, jaruman mutane sun ƙi buɗewa. Zagi nake ta sha.”

“Don Allah ka duba masa,” in ji matar.

Likita ya karɓi kwamfutar, don mutanen ba don Dogo ba. Gyaran bai ba shi wuya ba. Da ya koma saman jerin, sai ya ga daga lamba biyu ya fara. An kwaso kowa, har waɗanda suka daina wasa tuntuni, har wanda shi da kansa ya kora saboda maguɗi.

“Ina layina?” ya tambaya.

Dogo ya leƙo, ko kunya babu.

“Ai gogewa na yi, Yaya. Na ga ba komai a ciki, sanda ce kawai.”