Motar da Baba Ya Rufe wa Baki

Asabar ɗin farko ta dogon hutu ce, shekarar da na gama aji huɗu, Baba ya tafi da ni garejin da ya samu aiki a unguwar Tremont, bayan ƙaurarmu ƙasar waje, saboda Umma tana shagon kitso a Harlem. Muna shiga na ga wata tsohuwar jar mota mai doguwar gaba, irin na shekarun sittin masu silinda takwas. A gefenta ga kwalaye cike da bututu masu ƙyalli, a murɗe kamar hanjin rago. Gwada Baba ake yi a lokacin, kuma mai garejin, Kawu Seidu ɗan Zangon Kumasi, ya ce wannan motar ce za ta nuna ko zai zauna. Ni kuwa tafinta ce, don Turancin Baba bai wuce gaisuwa ba.

A Ƙofar Ruwa ta Kano Baba ya koyi gyaran salansa, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne mota ta bar hannunsa tana numfashi a hankali. Yakan ce, "Motar mutumin kirki ba ta sallama kafin mai ita." Ranar nan na zauna kan tsohuwar taya ina riƙe masa fitila, ya jiƙa notuka masu tsatsa da mai, ya lallaɓa su har suka saki, ya ciro tsoffin ƙarafan nan masu nauyi da ke tattara hayaƙi a jikin inji. Sababbin kuwa, waɗanda ake kira hedas, kowace silinda da bututunta, huɗu dama huɗu hagu. Na hagun ya ƙi shiga saboda sandar sitiyari, sai da aka ɗan ɗaga injin. Ya kankare wurin tas, ya sa sabon gasket mai hana hayaƙi yoyo, ya ɗaure notukan daga tsakiya zuwa gefe, ya janye wayoyin fulogi kada zafi ya cinye su. Ni dai na gaji, har na fara wasan 'yar carafke da ƙananan notuka.

Da la'asar ya tada motar. Ƙarar da ta yi sai da tantabarun kan rufi suka watse, yaran layi suka sheƙo suna tafi. Baba ya kashe ta da sauri, kunya ta rufe shi. Ya bi duk mahaɗar da tafin hannu yana neman inda hayaƙi ke yoyo, bai samu ba. Na gaya masa ai mutanen nan ƙarar suke so. Ya dube ni da tausayi, ya ce babu mai hankalin da zai kawo motarsa a koya mata ihu. Ran Lahadi, garejin a rufe, ya koma shi kaɗai da wasu tukwanen salansa biyu, ya yi musu walda a ƙarƙashinta, ɗinki mai kyau kamar na tela.

Ran Litinin mai motar ya zo, wani dattijon Bature mai ɗingishi. Ya murza makulli, motar ta tashi shiru kamar keken ɗinki. Baba ya harɗe hannu yana jiran yabo. Dattijon ya daɗe a zaune, sannan ya fito yana magana ƙasa-ƙasa, ni kuma ina juyawa da Hausata mai tsallake-tsallake. Motar ta yayansa ce da ya rasu. Suna samari, tun daga kwanar layi mahaifiyarsu ke jin ƙararta ta fara zuba abinci. Wannan muryar yake son ya sake ji.

Kawu Seidu ya ce, "Malam Sani, ka ɓata aiki. Mutumin nan noise ya zo saya."

Na san abin da zaman Baba a garejin nan yake nufi a gidanmu. Can Baba ya ce, "Hadiza, ce masa ya zauna, a ba shi shayi." Ya shiga ƙarƙashin motar da zarto, ya yanke waldar da ya ƙawata fiye da kowace, ya mayar da bututun yadda suka zo. Da aka sake tada ta, ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Dattijon ya dafa gaban motar yana share ido, Baba kuwa ya duƙufa tattara sifanoninsa.

Bai rasa aikin ba. Masu irin waɗannan motoci suka riƙa zuwa har daga New Jersey suna tambayar Sani, kuma da wannan rurin aka ciyar da mu, aka kai mu makaranta. Yau garejin ya zama shagon wanki, motocin lantarki suna wucewa ta gabansa ba ko tari, irin aikin da Baba zai so a ce nasa ne. Amma shekarun da ya yi kwance a ƙarƙashin injuna sun tafi da kunnensa, sai dai ya bi motocin da ido daga taga. Ina kewar ranakun da nake raɗa masa magana a garejin ya ji. Yanzu ko sannu zan yi masa, sai na yi ihu.