Kara Biyu a Aljihuna

Tarakta ta zubar da man ƙafafun gaba a tsakiyar gona a Garo. Tsohuwa ce, shekara goma sha huɗu ina tuƙa ta. Alhaji mai ita ya zo ya kalli baƙin mai a ƙasa, ya ce idan Juma'a ta yi ba ta tashi ba, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yanka ta. Ni kuwa ba ni da wata sana'a.

Na ɗaga ta a jak, na cire tayoyin, na zaro sil, wato zoben robar da ke tare mai. Nan raina ya fara ɓaci. Ashe makanikin bara sil ɗin wata motar ya cusa, ya naɗe gefensa da tsohon tub na taya. Mu a nan tsohon kaya muke ɗauka mu kai shago a ba mu irinsa. Da na yi haka, da ɓarnar zan sake sayowa. Ban yi boko ba, ban san lamba ba. Na yanki kara biyu, ɗaya faɗin ramin da sil ke zama, ɗaya kaurin sandar da ke ratsa shi, na sa a aljihu.

Mun tashi da asuba ranar Laraba za mu Gwarzo neman sil, ni da maƙwabcina a kan babur ɗinsa, don gonarsa ce ta gaba a layin huɗa. Gidan mai a rufe, 'yan bumburutu a bakin titi suna yanka wa mutane kuɗi yadda suka so. A Kabo muka sha koko. Ƙosan zamanin tsuke bakin aljihu ya koma kamar 'ya'yan kurna.

Akwai wani garejin gwamnati a hanya, muka tsaya. Tarakta shida irin tawa a jere, ciyawa ta fito ta cikin injinsu, kaza tana kwanci a kujerar ɗaya. Na roƙi maigadi a sayar mini da sil biyu daga jikin matattun. Ya ce sai da takarda daga Kano. Na ce wa zai sa hannu? Ya ce mutumin ya yi ritaya, ba a naɗa wani ba. Na tofar da yawu na hau babur.

A kasuwar Gwarzo mun iske 'yan kwamitin Shari'a suna duba mudun masu hatsi, suna ƙwace masu lotsattsen gindi. Na ji daɗin abin. Sai muka shiga shagon kayan gyara. Mai shagon, da carbi a hannu, ya ga karana ya yi dariya.

"Baba, nan ba rumbu ake ginawa ba. Kawo lamba."

Duk da haka ya ɗauko sil biyu cikin sabon kwali, ya rantse daga Turai suke. Na shinshina. Man goge takalmi. Na murza leɓen da yatsa, ya tsage. Tsofaffi ne aka wanke aka shafe.

"Malam," na ce, "Shari'ar mudu kaɗai ta sani? Ba ta shigo nan ba?"

Ya ce shi ma haka ya saro. Maƙwabcina ya ja rigata, muka fita.

Wani tsoho mai faci a ƙofar shagon ne ya ce taraktocin da, da fata ake tare musu mai, mu je Lakwaya wurin baduku. Ruwa ya cinye hanyar, sau biyu muna sauka mu tura babur. Badukun dattijo ne, guga yake ɗinkawa. Bayan doguwar gaisuwa na miƙa masa karan. Bai yi dariya ba. Ya aza su a kan ƙirgi, ya zana, ya yanko zobba. Maƙerin da ke gefensa ya buga musu bakin ƙarfe. Aka kawo mana fura da nono, abinci na gaskiya na farko a ranar. Badukun ya ce in jiƙa fatar a mai mai ɗumi ta kwana, kada in yi gaggawa.

Ranar Alhamis na wanke ramin da kananzir, na buga zobban a hankali da guntun itace, na mayar da boris ɗin da taya ke juyawa a kai, na zuba mai. Da hantsin Juma'a Alhaji ya iso, 'yan gwangwan biyu a bayansa da tukunyar gas. Na tada ta, na zaga fili sau uku, na tsaya, na shimfiɗa farin buhu a ƙarƙashinta. Muka tsuguna muna kallo. Hagu ba ko ɗigo. Dama ɗigo ɗaya, sannan shiru. Alhaji ya miƙe ya ce wa mutanen su je, sai wani jiƙon.

Abin da na gani a tafiyar nan: masu takarda da masu kwali ba su tsinana mini komai ba, mai wuƙa da fata ne ya tsayar da man. Har yau idan na tuna taraktocin nan shida, abinci ba ya yi mini daɗi.

Gonar maƙwabcina ta sha huɗa. Yanzu ina Dugabau, ina kan gona ta huɗu a makon nan. Karan biyu suna aljihuna.