Koriyar Motar da Ba Ta da Inji

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu a kaina ya faru, ba wani ne ya ba ni labari ba, kuma wanda muka ga abin tare da shi yana nan da ransa a Kumasi, in kun same shi ku tambaye shi. Lokacin ina aiki a Dubai ne, shekarun nan da ake ta haƙe-haƙen hanyar jirgin ƙasa a Deira, ko'ina ka bi an toshe. Aikin kago nake yi a Al Ras wajen wani mutumin Nijar, Alhaji Lawali, ɗan Damagaram. Ni ke bin 'yan kasuwarmu da suka zo sari, in tattaro kayansu, a ɗaure, a loda a kwantena. Bizata a hannunsa take, iyalina kuma suna Kano, da abin da nake turawa ake cefane.

Alhaji mutum ne mai fara'a, ga kyauta, sai dai yana da wani abu da in ba ka gani da idonka ba ba za ka yarda ba. Dattijo da furfurarsa, da carbinsa, da tabon sallah a goshi, amma ba abin da yake so a duniya irin 'yan motocin tsere na lantarki. Da ƙuruciyarsa ya yi karatu a Faransa, a can ya koyo abin, har ya yi shekaru yana shiga gasa gari-gari yana cin kofuna. Motocin ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Ana shimfiɗa musu titi na roba mai tsaga a tsakiya, kowace mota tana da ɗan harshe a ƙasa da ke shiga tsagar, kai kuma kana riƙe da wani abu mai waya kamar ƙaramar bindiga, in ka matsa kunamar motar ta zabura, in ka sassauta ta rage gudu. In ka cika wuta a kwana kuwa, sai dai ka tsinto motarka a ƙarƙashin kujera.

Ranar da na fara shiga gidansa a Al Rigga na ga titin nan ya cinye rabin falo, sai bakina ya suɓuce na ce, "Alhaji, na yara ne?" Kai! Da na sani ban faɗa ba. Ya zaunar da ni ya yi mini lacca har shayina ya huce. Ya kai ni gaban wani dogon kabad na gilashi mai fitila a ciki, motoci jere reras, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowace a kan ɗan dakalinta, kofuna a bayansu. Wannan da ita ya ci gasar kaza, waccan wani Bature ne ya yi kuka da ya sayar masa, waccan kuma sau uku tana karyewa yana ɗinke ta da gam. A can saman kabad ɗin akwai wata koriya ita kaɗai, tsohuwa, fentinta duk ya koɗe. Ita ce bai ba ni labarinta ba. Daga baya da ya yarda da ni har ya ba ni makullin kabad ɗin don in riƙa taya shi goge ƙura, abu ɗaya ya ce mini: "Kowace ka ga dama ka ɗauka ka yi wasa, ban da koriyar nan."

To, ni da na yi dariya, ba a yi wata biyu ba na fi mai kora shafawa. Duk Juma'a bayan la'asar muna can, ni da Alhaji da Awudu, wani ɗan Zangon Kumasi da ke gadin benen, ranar ce hutunsa. Awudu ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai ya cika ta, amma in motarsa ta wuntsila sai ka ji ya kurma ihu, "Ei! Asem oo!" kamar an ce masa gidansu ya kama da wuta. Mu yi ta yi, Alhaji na yi mana tsiya da Faransanci, ana shan shayi, har a kira magariba.

Wata Juma'a Alhaji ya tafi raka wasu baƙinsa filin jirgi, ya ce mu fara yana zuwa. Rana tana nan fayau, labule a buɗe, ana jin hon ɗin motoci daga ƙasa. Muna cikin yi ni da Awudu sai muka ji sallama a bakin ƙofa. Na je na buɗe. Wani dattijo ne siriri, dogo, da wushirya, cikin wata farar riga 'yar shara ta zaman gida, ba hula, da silifas a ƙafa. Abin da na lura da shi, har ya so ba ni dariya, akwai shatin tabarma raɗau a kumatunsa, irin na wanda ya tashi daga barci.

Na ce, "Baba, sannu da zuwa. Alhaji ya fita, amma yanzu zai dawo."

Ya ce, "Ba komai, ɗana. Lawali abokina ne, tare muka yi lakwal." Irin Hausarsu dai ta Nijar, wato makaranta.

Gidan Alhaji kullum cikin baƙi yake, don haka ban kawo komai a raina ba, ko sunansa ban tambaya ba. Yana shigowa ya ga titin nan sai ya tafa hannu ya fashe da dariya, ya ce, "Oh là là! Ashe tsohon nan bai daina ba!" Ya zagaya teburin yana shafa kwanonin da yatsa, ya je gaban kabad yana kiran motocin ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida 'yan uwa. Da idonsa ya kai sama kan koriyar nan sai ya ce, "Ɗana, sauko mini da waccan."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ita ce Alhaji ya hana a taɓa."

Ya ce, "Ya hana ku. Ni ba zai hana ni ba, ai tawa ce. Ni na ba shi ajiya ranar da zan komo gida. Duba cikinta ta ƙasa, za ka ga an karce harafi da ƙusa."

Na leƙa ta gilashi, motar kuwa a ɗan karkace take a dakalinta, sai ga karcen nan. Na dubi Awudu, Awudu ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mai abu ya zo, cale, ba shi abinsa." Cale ɗin nan haka mutanen Gana ke kiran aboki. Na sa makulli na sauko da ita. Na ji ta sakayau a hannuna, ba nauyi, amma na ce ƙila haka na da suke.

Jama'a, na ga tuƙi! Da hannun hagu ya riƙe abin matsawar, ɗaya hannun a bayansa, ko kallon kirki ba ya yi wa titin. Koriyar nan ta riƙa wucewa fiu, fiu, in ta zo kwana sai ta ɗan jefa bayanta waje kamar za ta fita, sai kuma ta miƙe. Ni ina gumi, Awudu na ihu, shi kuwa dariya kawai yake yana cewa, "Dusuma a kwana, wuta a miƙe! Dusuma, samari!" Wai a hankali. Ya cinye ni, ya cinye Awudu, muka haɗu muna karɓa-karɓa ya cinye mu. Awudu ya cire hularsa ya ɗora wa tsohon a ka ya ce daga yau shi ne sarki. Na zuba masa shayi ya kurɓa ya ce mutanen Kano ba mu iya shayi ba, ruwan sukari muke sha. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

Ana cikin haka sai ya tsaya cak, ya karkata kai kamar mai saurare. Ya ce, "Af, ga uwargida can tana kirana." Mu dai ba mu ji komai ba. Ya ajiye abin matsawar, ya miƙa wa Awudu hularsa, ya ce a gaida Lawali, ya fita. Na ce bari in raka shi ko bakin lifta ne. Iyakar abin da na tsaya yi shi ne zura takalmi. Ina fitowa na ga baranda wayam, ba kowa. Ina nan tsaye ina waige-waige sai liftar ta buɗe, Alhaji ya fito shi kaɗai.

Yana shiga falo idonsa ya sauka a kan koriyar motar a bisa titi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ka. Ba ni makullina. Khalas, shi ke nan. Gobe ka zo ofis mu yi maganar tikitinka na komawa gida." Nan take na tuno matata da yarana, da ginin da na fara ko linta ba a kai ba. Na fara rantse-rantse ina cewa mai ita ne ya zo, har ya yi tsere da ita ya cinye mu.

Alhaji ya ce, "Tsere? Da wannan?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ƙarya ma a iya ta."

Awudu ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, na rantse da Allah, ya yi gudu. Motan nan ya yi gudu pa-pa-pa, ni da idona!"

Alhaji ya ɗauko ɗan sukundireba ya kwance motar a gabanmu, ya ɗaga murfin. Wallahi jama'a, fanko ce. Ba inji, ba waya, ba komai, sai ƙura. Ya jawo wani gwangwanin alawa daga aljihun tebur ya buɗe, ga ɗan injin nan a ciki, baƙi ƙirin, a ƙone. Ya ce tun a gasarsu ta ƙarshe a Faransa ya ƙone, tun kafin a yaye ni. Amma yana maganar yana juya motar a hannunsa, sai na ga ya daina. Ya taɓa tayoyin baya, ya kai su hanci. Ya miƙo mini. Da ɗumi, ga warin roba irin na motar da ta sha gudu.

Ya ce a hankali, "Yaya mutumin yake?"

Muka shiga ba shi, ni in faɗa Awudu ya ƙara. Da na ce bahago ne mai wushirya sai ya nemi kujera ya zauna. Da Awudu ya kwaikwayi "dusuma a kwana, wuta a miƙe," sai ya ce, "Innalillahi. Habu ne. Mushe Habu, haka muke kiran malamin makaranta a Nijar. Amma Habu yana Damagaram, ko fasfo ba shi da shi yanzu." Ya jawo wayarsa yana cewa, "Allah ya sa ba rasuwa ya yi ba." Ya danna lambar Habu, ya buɗe muryar don mu ji.

Ta yi ta ƙara. Can aka ɗauka, sai muryar nan, ita ce dai, ba ko tantama, tana dariya: "Lawali! Kai ɗan halak ne, yanzu nake cewa zan neme ka. Na dawo daga Juma'a na ɗan kishingiɗa a tabarma, sai na yi wani mafarki mai daɗi. Wai ga ni a gidanka, na karɓi koriyata, na sami wasu samari biyu na yi musu kaca-kaca! Ɗaya ƙato, Hausarsa kamar ta mutanen Gana, har ya naɗa ni sarki. Ɗaya kuma Bakano, ya ba ni wani shayi kamar zuma. Ina cikin jin daɗina Hajiya ta tashe ni wai abinci zai huce."

Awudu ya zame ya zauna a ƙasa daɓas. Ni kuwa dariya ce ta ƙwace mini, irin wadda ba ka san dalilinta ba. Alhaji na hawaye yana dariya, ya ce, "Habu, ga su nan suna jin ka." Tsohon ya ɗauka zolaya ce, sai da na gaishe shi ya ji muryata, shi ma ya yi salati. Aka yi ta mamaki, aka yi ta raha, Alhaji ya jefo mini makullin ya ce in yafe shi.

Har za a kashe wayar sai Mushe Habu ya ce, "To ina na ukunku? Ku ba ni shi mu gaisa mana."

Na ce, "Baba, ai mu biyu ne."

Ya ce, "A'a. Wanda ya riƙo hannuna ya hawo da ni bene, shi ya nuna mini ƙofar. Ya zauna a kujerar bakin taga yana kallonmu har aka gama. Duk sanda motarka ta faɗi sai ya yi murmushi. Ai a bayanka yake, ɗana, har yana leƙa kafaɗarka. Da zan tafi na ce ya zo mu koma, ya ce in yi gaba, shi yana nan tukuna."

Dukkanmu muka juya muka kalli kujerar. Kujera ce kawai, rana na haska ta. Awudu ya sauka da gudu ya tambayi abokin aikinsa da ke bakin ƙofar bene, mutumin ya ce tun bayan Juma'a ba baƙon da ya shigo, ko ɗaya balle biyu.

Juma'ar da ta biyo ba mu yi wasa ba, Alhaji ya kira malamai aka yi sauka a falon. Wadda ta biyo bayanta muka koma ruwa, don abin ya riga ya shiga jini, sai dai Awudu ya ɗauke kujerar nan ya kai ta baranda, ni kuma ban ƙara tsayawa na ba taga baya ba. Mushe Habu ya yi shekaru bayan nan lafiyarsa ƙalau, kullum in sun yi waya sai ya ce a gaida yaransa da ya cinye, amma bai sake mafarkin ba. Na tambayi malamai a Dubai, na tambaya a Kano, kowa ya ce Allah ne masani.

Ni dai shawarata, in za ku kwanta, ko gyangyaɗin rana ne, ku yi addu'a, don ba ku san inda za a kai ku ba, ba ku kuma san wa zai riƙe muku hannu ba. In kuma baƙo ya yi sallama kun buɗe masa, ku yi bismilla kafin ku mayar da ƙofa, ku tambaye shi ko shi kaɗai ne.