Jibirilu Mai Kula da Okid

A unguwar Maamobi aka haifi Baba Jibirilu, a gidan hayar da ko ciyawa ba ta samun wurin fitowa. Amma shekara ashirin da shida ya yi yana aikin lambu a gidan Madam Akwele, wata tsohuwar lauya da ke bayan filin jirgi. Kullum bayan asuba zai kama mota a Kawukudi, ya isa kafin rana ta yi zafi.

Madam na da tukwane arba'in na wata fulawa da ake kira okid, jere a inuwar mangwaro. Fulawa ce mai tsirfa. Ba ta son ƙasa, sai ɓawon kwakwa da gawayi, kuma in ruwa ya kwanta a gindinta saiwarta ruɓewa take. Jibirilu ya san halinta sarai, har maƙwabtan Madam kan aiko da tasu ya duba musu.

Bara ne okid ɗin suka tsaya cik. Wata biyar ba sabon ganye, tsofaffin kuma suka yamushe. Ya cusa yatsa cikin tukunya ya ji ɓawon ya zama taɓo, ya san lokacin sauya musu mazauni ya yi. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne ganinsa ya daɗe da dushewa. Ƙa'idar aikin kuwa, a jiƙa saiwa a duba, mai rai za ta yi kore, matacciya ba ta canzawa. Shi duk toka-toka yake ganinsu. Sai ya ɗauki almakashi yana lalube, wadda ya ji ta bushe ya datse.

Cikin wata guda, okid goma sha ɗaya suka mutu. Madam ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga masa wata fulawa ta ce, "Papa Jibirilu, wannan wace kala ce?"

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Fara ce, Madam."

Rawaya ce. Ita da kanta ta kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tare saura da magani. Da watan ya ƙare ta sallame shi cikin mutunci, ta ɗauki wani.

Ya dawo Maamobi da tukunya ɗaya, wadda ganye biyu kawai suka rage mata. Ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, don kada a tambaye shi aiki. Abin da ke cinsa shi ne wata biyar ya yi yana da bakin da zai ce a taya shi dubawa, girman kai ya hana.

'Yarsa Zelia, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, ita ta gaji da shirun. Wata Juma'a ta zo da ɓawon kwakwa daga Kasuwar Malam Atta, ta dire a gabansa.

"Baba, kai ka faɗa, ni in yanka."

Ya sa ta jiƙa ɓawon kwana uku, ta ƙona bakin almakashi, ta zazzage tukunyar. Ta riƙa ɗaga saiwa ɗaya-ɗaya tana faɗa masa kala. Uku kacal suka yi kore. Suka rataye tukunyar a jikin taga, nesa da hayaƙin murhunta.

Wata huɗu ba labari. Ran nan Zelia ta leƙa ta ce, "Baba, wani abu ya fito a gindin, kamar ƙwayar shinkafa."

Ya miƙa hannu, sai ya janye, don ya san sabuwar saiwa ba ta son taɓi. Ya tambaye ta ko bakinta kore ne, ta ce kore ne. Ya ce kada ta ba ta ruwa sai jibi, kuma fure sai bayan shekara biyu, in ta rayu.

Zelia ta koma wurin murhunta. A satin nan ganinsa ya ƙara dushewa, har ya fara dafa bango kafin ya kai ƙofar ɗaki.