Kadangare Ya Kwance Sabis ɗin Garinsu

Kadangare ake ce masa a wurin aiki, domin duk kamfanin babu mai hawa ƙarfen sabis irinsa. Tun yana saurayi yake ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya sufana, ya hau inda shaho ke hutawa. Cikin na'urorin da ya ɗaura har da na ƙauyensu, inda mahaifiyarsa ke zaune ita kaɗai da ciwon asma. In numfashi ya sarƙe mata, waya take latsawa, mai babur ya kai ta asibiti.

Sai gwamnati ta ba da umarni a cire duk na'urorin wata ƙasa, wai ana iya sauraren mutane ta cikinsu. Wata ƙasar daban ce ta yi gargaɗin, kuma ita ce za ta sayar da sababbin.

Kadangare ya sami injiniya a ofis, ƙafa kan tebur.

"Oga, ina sababbin?"

"Suna cikin jirgin ruwa."

"To a bari su iso mana."

"Baƙi za su zo duba aiki. So ake su tarar an cire."

"Me za a saurara a garinmu? Tarin tsohuwata? Su masu kawo sababbin, kurame ne?"

Injiniya ya sauke ƙafa. "Ka san barikin soja ma da layin nan suke waya? In maƙiyi na ji, ba tari zai ji ba."

Kadangare bai musa ba. Abin da ke cinsa shi ne an tsaya an auna tsoron baƙi da na sojoji, ba wanda ya auna na Inna.

Ya ce ba zai hau ƙarfen ƙauyensu ba. Aka ce akwai masu hawa. Ya san hannunsu, yanke wayoyi za su yi, gyara ya gagara. Don haka shi ya hau, yana kwance notunan da ya ɗaure da hannunsa yana zagi. Daga can sama yana hango rufin ɗakinta.

Da ya sauko, gida ya wuce ya fara naɗe mata tabarma.

"Kai, na rantse ba zan bar ɗakin ubanka ba sai a makara."

"Inna, makarar nake gudu."

Yanzu tana ɗakinsa na haya a birni, bayan labule, ba ta yi masa magana. Shi kuwa a baranda yake kwana. Jirgin bai iso ba.