Gyaran Baba Damtse

Yayana bai iya yin abu sama-sama ba. In ya rufe kwalbar man shafawa, sai matarsa ta jira ya dawo daga aiki kafin ta shafa. Kan famfon gidansa sau uku aka canja a shekara guda, don shi ba ya yarda ruwa ya tsaya sai ya ji ƙarfen ya yi ƙara. Shekara ashirin da shida yana ɗaure ƙarafan rufin manyan gine-gine, ni kuma ina biye da shi da walda. Baba Damtse ake ce masa a wurin aiki, kuma kirarinsa ɗaya ne: notin da ya ɗaure, sai dai a yanke.

Shekara uku da suka wuce kamfani ya kawo sufana mai awo. Doguwa ce, da lambobi a marikinta. Za ka saita ta a lambar da aka ba ka, ka ja a hankali, da zarar ta ce ƙas ka tsaya, ɗaurin ya kai. Foman ya yi bayanin a minti biyar janareto na ruri a bayansa. Yaya ya gyaɗa kai, ya karɓa.

Yana saita lambar daidai, wannan ba a raba shi da shi. Amma in ta ce ƙas, sai ya sa kafaɗa ya ƙara murɗawa kaɗan.

"Yaya, ai ta yi magana," na ce masa ran farko.

"Ta yi nata, saura nawa. Ko mai tumatir in ya cika kwano yana ɗora maka biyu. Wannan gyara ce."

Muka kwashe da dariya. Har kalmar ta shiga bakinmu, in mutum ya gama abu a ce masa ina gyarar. Ni da na fi kowa dariya, yau ni na fi kowa jin kunya.

Wata Alhamis da hantsi injiniya ta zo duba rufin wani babban sito da muka kusa gamawa. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana. Ta hau sama da tata sufanar, ta ɗora a kan wani noti, ta ja da hannu ɗaya. Ƙusar da notin ke kai ta karye. Notin ya faɗo, ya daki siminti kusa da ƙafar wani magini da ke shan shayi. Ta matsa na gaba, shi ma haka.

Ta sauko da guntun a tafin hannunta. Wuyan ƙusar ya miƙe ya sirance kamar cingam da aka ja.

"Wa ya ɗaure layin nan?"

"Ni ne, 'yata," in ji Yaya. "Har gyara na yi musu."

"Gyara kamar yaya, Baba?"

Ya nuna mata da kafaɗarsa, yana ɗan murmushi, don har lokacin yana zaton laifin ƙusoshin ne. Na ga fuskarta ta canja.

"Baba, ƙusa ma tana da iyaka. In ta wuce lambar nan miƙewa take yi, daga waje kuma ba a gani. Guda nawa ka yi wa haka?"

"Duka," ya ce, murmushin ya ɓace.

Garin neman gira an rasa ido. Foman ya ja mu gefe, ya ce a canja ƙusoshin siton kawai, maganar ta mutu a nan. Ni ma na riƙe hannun rigar Yaya.

"Yaya, ka rufa wa kanka asiri. In ka ƙara kalma ɗaya, korarka za su yi."

"Shekara uku sufanar nan tana hannuna," ya ce. "Ka manta zauren makarantar 'yan mata da muka yi wa rufi?"

Wallahi na manta. Sai da ya faɗa na tuna. Ya zare rigarsa daga hannuna, ya bi injiniya har mota, ya lissafa mata gine-gine huɗu. Kafin la'asar an karɓi hularsa da katinsa.

Washegari aka fitar da ɗalibai tsakar fili, aka rufe zauren. Ba wanda ya gayyace shi, amma ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa. A mahaɗar babban ƙarfen tsakiya ƙusoshi takwas ne. Biyar sun riga sun karye a zaune, fenti ne kawai ya riƙe kawunansu. A ƙarƙashin wurin nan yara ɗari uku ke yin layi kullum da safe.

Injiniya ta sauko da su, ta zuba a kan benci. Yaya ya tako a hankali ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya sake juyawa. Wata malama da ba ta san shi ne ya ɗaure su ba ta matso, ta ce, "Baba, kai ne ka ba da labari, ko? Allah ya saka maka da alheri."

Yaya ya dubi ƙusar da ke hannunsa. Sai ya zauna a ƙasa.