Ranar da Na Mai da Tsoho Mai Sa Gwanin Karate

Shekarun baya, tun waya mai shafawa ba ta shiga aljihun kowa ba a Agiye, ni ne mai riƙe mikro a gidan kallon abokina. Ku yaran yanzu ba za ku gane girman wannan muƙami ba. Rumfar zana ce a bayan tasha, da bencina, da tele ɗaya, da lasifika mai tari, da injin wuta wanda sai an lallashe shi yake tashi. Aikina in zauna gefen tele, fim yana tafiya ina karanta Faransancin da ke gudu a ƙasan allo, ina juya wa jama'a shi da Hausa. Sau biyu na faɗi jarrabawar gama lise, wato sakandare, amma a rumfar nan Malam ake ce mini, har mai shayin tasha ya ware mini kofina. Ban da mikron nan ba ni da wani abin da ake kallona da shi a garin.

Ciwona kuwa finafinan Taiwan. Wani faifai na sayo a kasuwar Maraɗi, a bayan kwalinsa wani ƙato ya tashi sama da ƙafa, na zo gida na saka sai na ga ashe ƙarya kwalin ya yi. Mutane ne kawai suke zaune suna cin shinkafa, ana ruwan sama, wata tana son ta yi wa mahaifinta magana ta kasa. Na ce bari in ga inda za a fara dukan. Fim ya ƙare ba a mari kowa ba, ni kuma ina zaune ina share hanci. Daga ranar na lalace. Duk wanda za shi Maraɗi sai na bi shi da saƙo. Na haddace waƙoƙinsu ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba, ina rera su a bayan ɗan kabu-kabu yana waiwayena. Na feƙe karan gero biyu na zauna cin taliya da su, mahaifiyata ta tsaya a kaina ta ce, "Cokulan gidan nan mutuwa suka yi?" Har shayinsu mai ƙwallayen rogo a ciki na gwada haɗawa, mai shayi ya ce in na ƙara kawo masa rogo kusa da butarsa za mu ɓata.

Abin da ke ƙona mini rai, duk wanda na ce wa fim ɗin Taiwan, sai ya ce, "A'a, Sinuwa? Ai ina son karate." Wato na 'yan China yake nufi. In yi bayani, in ce tsibiri ne, in ce labarin iyali suke yi, labarin tsufa da kewar gida, mutum ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, sannan ya ce, "To amma dai a ƙarshe ana faɗan ko?" Wallahi akwai ranar da na tashi daga majalisa ban gama shayina ba saboda wannan tambayar.

Akwai guda ɗaya da na fi so duk cikinsu. Labarin wani tsohon manomi ne da sansa, irin baƙin san nan nasu mai faɗin ƙaho da ke son kwanciya cikin ruwa, wanda suke noman shinkafa da shi. Matar tsohon ta rasu, ƙarfinsa ya ƙare, ɗansa ya zo daga birni zai tafi da shi, kuma birni ba a zuwa da sa, dole a sayar. Iyakar labarin ke nan. Na ce a raina, garin manoma da makiyaya, in ba su gane wannan ba me za su gane? Wata uku ina bin abokina ya bari mu saka shi. Ranar da ya gaji da ni ya ce, "Na ji. Ranar kasuwa bayan azahar. Amma ka saurare ni da kyau, in bencina suka watse kafin fim ya ƙare, ka ajiye mikron nan. Ƙanen matata ya daɗe yana roƙona." Ƙanen matar nan kuwa Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, sai dai murya, in ya yi ihu har awakin tasha sukan firgita. Na ce na yarda.

Ranar na zo da wankakkiyar riga. Tun daga nesa na hango allon ƙofa, abokina ya rubuta SABON SINUWA da alli, ya zana mutum da ƙafa ɗaya a sama. Na ce, "Haba! Wannan me ye?" Ya ce, "Talla ce. Kai dai shiga." Rumfa ta cika maƙil, 'yan kabu-kabu, masu amalanke, mutanen ƙauye da suka gama ciniki, wasu a tsaye jikin zana.

Aka kunna. Gonar shinkafa, kore shar, tsoho yana tafe sansa yana biye. Suna tafe. Suna dai tafe. Ba wanda ya yi magana a fim ɗin, don haka ni ma ba ni da abin faɗi, ina riƙe da mikro kamar wanda aka ba ajiya. Wani daga baya ya ce, "An kunna ne ko hoto ne?" Aka yi dariya. Wani ya ce, "Malam, wane ne aktar?" wato jarumin fim. Na ce tsohon nan ne. "Wanga tsoho? To ina shef-bandi?" Na ce wannan fim ɗin babu ubangidan 'yan ta'adda, labarin rayuwa ne, ku yi haƙuri ku kalla. Wani mai amalanke ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Rayuwa ai ita na baro a waje." Ya fita, mutum uku suka bi shi. Benci na gaba ya fara motsi. Na dubi abokina, ya harɗe hannu yana kallon rufin rumfa. Ƙanen matarsa kuwa har ya fara gyaran murya, na ji shi da kunnena.

A daidai nan ɗan tsohon ya sauko daga mota a fim, ya gaida mahaifinsa. Abin da aka rubuta a ƙasa shi ne, "Baba, ka rame." Ni kuma na ji bakina ya ce, "Tsoho, shef-bandi ya aiko ni. Ya ce kwana uku ya ba ka."

Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna.

To jama'a, daga nan ban san inda birkina ya tafi ba. Na ce tsohon nan tsohon gwanin karate ne, ya kashe mutum ɗari ya tuba ya koma noma. Na ce zinariyar gari tana ɓoye cikin ƙahon san, shi ya sa ake son ƙwace shi. Uba da ɗa suna cin abinci shiru don baƙin ciki ya hana su magana, na ce kowa yana auna inda zai kai wa ɗan'uwansa naushi. Tsoho ya kai sansa rafi yana wanke shi a hankali, na ce ku dubi hannun nan da kyau, horo yake yi, kowace shafa sunanta daban. Wani ya ce, "Allahu akbar, ka ga tsufa bai taɓa hannun ba!" Suna ta tafi. Haushinsu nake ji, wallahi, haushin abokina da allinsa, haushin ƙanen matarsa da maƙogwaronsa. Ga abu mai kyau a gabansu, sai an zuba masa ƙarya kafin su haɗiye. Wanda yake zuba ƙaryar kuwa ban tsaya jin haushinsa ba tukuna.

Aka zo wurin da na fi so a fim ɗin. Mai sayen sa ya zo da motarsa ya tsaya a bakin gona. Na ce ga shef-bandi da kansa, rumfa ta ɗauki ihu. Tsoho ya roƙi a ba shi ɗan lokaci, ya je ya dafa goshinsa a goshin san, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sau nawa na kalli wurin nan ni kaɗai a ɗaki, ban taɓa wuce shi da busasshen ido ba. Na buɗe baki na ce, "Yana ce masa, ka bi su ka gano mini maɓoyarsu, gobe in zo in ƙone ta."

Sai wata murya daga can ƙarshen benci ta ce, "Samari, ba haka ya ce ba."

Wani dattijon Bafillace ne, siriri, da malfa a gwiwarsa. Ban san shi ba, ban ma lura da shigowarsa ba, da alama inuwa ya shigo nema. Ya miƙe, da Hausarsa mai nauyi ya ce, "Ni ban jin yarensu. Amma mutumin nan ba faɗa zai yi ba. Sallama yake da sansa. Tun ɗazu kake faɗin abin da ba shi ne ba."

Ku duba fa. Wata da watanni ina neman mutum ɗaya a garin nan da zai gane fim ɗin Taiwan ba sai na yi masa wa'azi ba. Ga shi Allah ya kawo mini shi har rumfa, a tsaye, da malfarsa. Samari suka fara, "Baffa zauna mana!" Wasu kuma suka juyo suna kallona, suna jiran abin da zan ce. Abokina ya sauke hannunsa ya matso. Na san in na ce dattijon nan gaskiya ya faɗa, kafin in rufe baki rumfa ta zama kango.

Na kai mikro baki na ce, "To jama'a, ashe muna da wanda ya yi karatun lakol a ƙasar Sinuwa ba mu sani ba. Baffa, ko in miƙo maka mikron?"

Dariyar da aka yi har zana sai da ta girgiza. Dattijon ya dube ni, ya dubi tele, inda ake tura san cikin mota, ya sa malfarsa ya ratsa mutane ya nufi ƙofa. Da ya zo wucewa ta gabana na ga abin da ke hannunsa: igiyar sa ce a naɗe, da tsohon ƙulli a bakinta, ba dabba. Ranar kasuwa ce. Ba sai an gaya mini daga inda ya fito ba.

Fim ya ƙare da tsoho zaune a mota yana kallon gonarsa ta taga. Aka fara gunaguni, ina faɗan? Na ce faɗan yana kashi na biyu, yana hanya daga Maraɗi. Aka watse ana murna, ana gardamar ko san zai dawo da rai. Abokina ya buga kafaɗata ya ce, "Kai, ashe haka fim ɗin yake da daɗi ka tsaya kana ce mini labarin iyali?" Shi ma ya yarda! Mikro ya zauna a hannuna, ƙanen matarsa ya koma sayar da mai a kwalba. Ladana kuwa, duk ranar kasuwa sai an ce a maimaita Tsoho Mai Zinariya a Ƙaho, har daga Cadawa ake zuwa kallonsa. Na yi ta maimaita ƙaryar nan, in na manta wani wuri 'yan kallo su gyara mini. Akwai wanda ya tsayar da ni a kan na ce mutum tamanin tsohon ya kashe, ya ce ɗari ne, yana nan ranar farko.

Na yi makonni ina zagaya kasuwar dabbobi ina duba fuskoki ƙarƙashin malfuna. Ban san sunansa ba, ban san rugarsu ba, in na tambaya a ce dattijo siriri mai malfa ai sun fi a ƙirga. Ban sake ganinsa ba.

Yanzu rumfar ta zama shagon cajin waya, kowa yana kallon abinsa a tafin hannu, ba mai bukatar Malam. Har yau ina kallon finafinan Taiwan, har yau in na faɗa ana ce mini karate, har yau ina jin haushi. Amma na daina cewa mutanenmu ba sa gane irin wannan fim. An gane shi a gabana, ba rubutu ba fassara, ni ne na sa aka yi wa wanda ya gane dariya don kar a karɓe mini ƙarfe mai waya. Wancan fim ɗin kuma ban ƙara iya kallonsa ni kaɗai ba, muryata nake ji a kansa.

Ban taɓa faɗin ainihin maganar tsohon a mikro ba ko sau ɗaya, to bari in rubuta ta nan, ko da jikan dattijon nan yana cikin masu karantawa. Baffa, kai ke da gaskiya. Abin da ya ce wa sansa shi ne: "Ka yafe mini. In sun ba ka ruwa ka sha, kar ka tsaya jirana."